Wata Shida Ina Aiki Da Copilot A Ofis

Ni jami'in gudanarwa ne a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke Kaduna, kuma mafi yawan aikina bai wuce abubuwa uku ba: amsa wasiƙu, rubuta bayanin abin da aka tattauna a taro, da haɗa rahoton da ake aika wa masu ba mu tallafi duk bayan wata uku. Lokacin da ofishinmu ya sayi lasisin Microsoft 365 Copilot, mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira da ke aiki cikin Word, Excel da sauran manhajojin ofis na Microsoft, ga wasu ma'aikata ƙalilan domin gwaji, ina cikin waɗanda aka bai wa, wataƙila saboda kowa ya san tebur ɗina ne ya fi tara takardu. Na daɗe ina jin ana cewa ƙirƙirarriyar basira za ta rage wa ma'aikacin ofis rabin wahalarsa, amma gani ya kori ji, shi ya sa na bari sai da na yi wata shida ina amfani da shi kullum kafin na rubuta wannan sharhi.

Kamfanin Microsoft ya fara sanar da wannan mataimaki ne a ranar 16 ga Maris, 2023, sannan ya fara sayar wa manyan kamfanoni a ranar 1 ga Nuwamban shekarar a kan dala 30 ga kowane ma'aikaci a wata, kuma wannan kuɗi ƙari ne a kan wanda ake biya na Word, Excel da sauran manhajojin. Da farko sai kamfanin da zai sayi lasisi 300 ko fiye ake sayar wa, har zuwa Janairun 2024 da aka janye wannan sharaɗi, ƙananan ofisoshi irin namu suka samu damar shiga. Waɗanda suka yi aiki da Office 97 za su tuna da Clippy, ɗan zanen ƙarfen maƙale takarda mai idanu da ke leƙowa yana tambaya ko wasiƙa kake rubutawa, wanda mutane suka gaji da shi har aka cire shi gaba ɗaya a Office 2007. Copilot ba irin wannan ba ne. Yana aiki da manyan manhajojin harshe irin na kamfanin OpenAI, kuma abin da ya bambanta shi da ChatGPT da mutum zai buɗe a wayarsa shi ne, ta hanyar tsarin da ake kira Microsoft Graph, yana iya duba imel ɗinka, da jadawalin tarukanka, da fayilolin da kake da izinin buɗewa, ya ba ka amsa daga cikinsu. A nan amfaninsa yake, kuma a nan ne ake bukatar yin hattara, kamar yadda zan bayyana a gaba.

Inda na fi cin moriyarsa shi ne Outlook, manhajar imel, kuma ban zaci haka ba tun farko. Duk wanda ya taɓa dawowa daga hutu ko daga tafiyar aiki ta mako guda ya tarar da saƙonni sun taru, ya san irin ɓacin lokacin da ke cikin bin doguwar muhawara ta imel, inda mutum takwas suka yi ta mayar wa juna amsa har aka rasa wanda ya fara maganar. A saman irin wannan jerin saƙonni akwai maɓallin taƙaitawa, wanda idan ka danna zai fitar maka da gundarin abin da aka ce cikin layuka kaɗan, tare da ƙananan lambobi da ke mayar da kai ga ainihin saƙon da aka ɗauko kowace magana daga ciki. Waɗannan lambobi su ne abin da na fi daraja a cikin dukan manhajar, domin ba sai na gaskata taƙaitawar ido rufe ba. Idan na ga an ce wani ya amince da ɗage ranar taro, sai in danna in karanta kalamansa da kaina. Haka nan ina iya tambayarsa da safe waɗanne saƙonni ne ke jiran amsata tun makon jiya, ko kuma in ce ya nemo mini takardar da wata abokiyar aiki ta turo game da kasafin kuɗin horaswa, alhali na manta ranar da ta turo da kuma sunan fayil ɗin. Aikin da a da yake cinye mini farkon safiya, yanzu kafin shayi ya huce na gama shi.

Taro a Teams, manhajar yin taro ta intanet, shi ne na biyu. Idan an kunna rubuta maganganun mahalarta, bayan an tashi Copilot zai iya fitar da batutuwan da aka tattauna, da shawarwarin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa kowane aiki, kuma wanda ya makara zai iya tambayarsa abin da ya wuce kafin shigowarsa ba tare da ya katse mai magana ba. Ga mai rubuta bayanin taro wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, saboda a da hankalina yakan rabu biyu, rabi a sauraro, rabi a rubutu, har wani lokaci in fito daga taro da shafuka huɗu ba tare da na tofa albarkacin bakina ko sau ɗaya ba. Sai dai ingancin taƙaitawar ya dogara ne kacokan a kan ingancin rubutun maganar, shi kuwa ya dogara ne a kan makirufo da ƙarfin intanet da kuma yadda mutane ke magana. Idan mutum shida suka kewaye kwamfuta ɗaya a ɗakin taro, yana yi wa manhajar wuya ta rarrabe wanda ya faɗi kaza, domin dukkan muryoyin ta asusu ɗaya suke shiga. Dabarar da na koya ita ce, kafin a rufe taro in roƙi shugaba ya maimaita shawarwarin da aka yanke da sunan wanda zai aiwatar da kowace, a fili kuma a tsanake.

A Word kuwa, ra'ayina ya kasu. Idan ka ba shi takarda mai shafi arba'in ka ce ya taƙaita ta, ko ya ciro duk inda aka ambaci wa'adin miƙa rahoto, ko ya mayar da wani dogon sakin layi zuwa jadawali, zai yi cikin daƙiƙoƙi, kuma galibi aikin yakan fito tsaf. Akwai kuma damar sanya alamar / a cikin umarninka domin ka nuna masa fayil ɗin da kake so ya dogara da shi, misali rahoton wata ukun da suka gabata da bayanan da jami'an fili suka turo, sai ya haɗa maka daftarin farko. Amma daftari ne kawai. Idan umarnin da ka ba shi bai wuce layi ɗaya ba, abin da zai fito zai zama Turanci mai santsi wanda ba ya ɗauke da komai, irin rubutun da kowace ƙungiya a duniya za ta iya sa wa hannu ba tare da an gane bambanci ba. A makonnin farko laifina ne, domin ina tsammanin zai san abin da ke cikin kaina. Daga baya na gane cewa dole in gaya masa wanda zai karanta, da tsawon da nake so, da alƙaluman da ba za a taɓa ba, da abin da ba na so a ambata. Da na fara yin haka sai daftarin ya gyaru, amma kuma na lura cewa rubuta cikakken umarni shi kansa rabin rubuta wasiƙar ne. Saboda haka wasiƙa gajera, kamar ta godiya ko ta neman izini, har yanzu da hannuna nake rubutawa, kuma hakan ya fi sauri.

Ba zan tsaya a kan PowerPoint ba. Yana iya ɗaukar takardar Word ya rarraba ta zuwa shafukan gabatarwa, wanda ke da amfani idan an ce maka da yamma gobe da safe za ka yi bayani, amma zaɓen abin da ya cancanci shiga da abin da za a bari, wannan aikin mai gabatarwa ne.

Excel ne wurin da ya fi bukatar nutsuwa. Yana aiki da kyau ne idan fayil ɗin yana ajiye a OneDrive ko SharePoint, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, kuma bayanan suna jere cikin tsari, kowane layin tsaye da sunansa a sama, ba irin takardun da muka saba gada ba masu haɗaɗɗun akwatuna da jimla a tsakiyar shafi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda zan iya bayyana abin da nake so da magana ta yau da kullum, misali a ware kuɗin sufuri na kowace ƙaramar hukuma wata-wata, shi kuma ya rubuta fomular ya kuma yi mini bayanin yadda take aiki, ta haka na koyi fomulolin XLOOKUP da SUMIFS da na daɗe ina gudu. Fomular da ya rubuta ana iya duba ta, kuma Excel ne ke yin lissafin, don haka hankalina kwance yake. Abin da ba na yi shi ne karɓar adadi kai tsaye daga bakinsa in saka a rahoton kuɗi. Kamfanin da kansa yana rubuta gargaɗi a ƙarƙashin amsoshin cewa abin da manhajar ta samar yana iya zama kuskure, kuma a 2025, da ya fito da wata fomula mai suna COPILOT da ake rubutawa cikin akwatin Excel, ya shawarci masu amfani da kada su dogara da ita a lissafin da ke bukatar daidaito. Akantan da zai sa hannu a takarda ya kamata ya ɗauki wannan gargaɗi da muhimmanci.

Batun Hausa kuma ya dame ni fiye da yadda zai dami wanda duk aikinsa da Turanci ne. A lokacin gwajinmu Hausa ba ta cikin jerin harsunan da kamfanin ya ce Copilot yana tallafa wa a hukumance, ko da yake manhajar fassara ta Microsoft Translator tana da ita. Ma'anar haka ita ce, a taron da aka fara da Turanci aka gangara Hausa, kamar yadda tarukanmu suka saba da zarar magana ta yi zafi, sashen da aka yi da Hausa sai in ɗauki biro in rubuta, kuma sau da yawa a wannan sashen ne ake faɗin gaskiyar magana. Wasiƙar da za a kai wa hakimi ko mai unguwa ma ba na ba shi, domin gaisuwar da ta dace da basarake, da sanin inda za a sa "ranka ya daɗe" da inda za a sassauta harshe kafin a shigo da buƙata, abubuwa ne da ban yarda in miƙa wa na'ura ba.

Sai maganar hattara da na ambata. Copilot ba ya buɗe fayil ɗin da ba ka da izinin gani, amma a ofisoshi da yawa an daɗe ana raba izini barkatai, a ajiye takardar albashi ko ta ladabtar da ma'aikaci a wurin da kowa zai iya shiga, ana dogaro da cewa babu wanda zai yi wahalar nema. Yanzu nema ya zama tambaya ɗaya. Duk ofishin da zai saya, ya fara sa mai kula da kwamfutocinsa ya bi manyan fayiloli ɗaya bayan ɗaya ya gyara izini kafin a kunna.

Nawa ne lokacin da ake ragewa? Gwamnatin Birtaniya ta gwada shi da ma'aikata kusan 20,000 a ƙarshen 2024, kuma rahoton da ta fitar a 2025 ya ce a matsakaici kowannensu ya rage minti 26 a rana. Ya kamata a lura cewa ma'aikatan ne da kansu suka ƙiyasta wannan adadi, ba agogo aka sa musu ba, kuma wani nazari na daban da ma'aikatar kasuwanci ta ƙasar ta yi bai samu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa lokacin da aka rage ya zama ƙarin aikin da aka kammala ba. Wannan ya yi daidai da abin da na gani: ranar da taruka da imel suka yi yawa nakan ji sauƙi sosai, ranar da aikin na tunani ne da yanke shawara kuwa, bambancin kaɗan ne, domin wani ɓangare na lokacin da aka rage wajen rubutu yana komawa wajen dubawa.

Dala 30 a wata ga mutum ɗaya, farashin da aka fara sayar da shi a 2023, idan aka juya ta zuwa naira aka ninka sau goma sha biyu, kuɗi ne da ƙaramin ofis zai ji a jikinsa, ga kuma sharaɗin cewa ba ya aiki sai da intanet, wanda ke nufin ranar da layi ya yi rauni Word da Excel za su ci gaba da aiki amma mataimakin ya tafi hutu. Mai amfani shi kaɗai yana da hanya mafi sauƙi, domin tun Janairun 2025 an saka Copilot cikin Microsoft 365 Personal da Family tare da ƙayyadadden adadin amfani a wata, bayan an ƙara dala 3 a farashin wata a Amurka, sai dai a tsarin Family mai asusun ne kaɗai ke samunsa. Akwai kuma Copilot Chat da masu asusun aiki ke samu ba tare da ƙarin kuɗi ba, wanda bai da cikakkiyar damar bincike cikin imel da fayilolin ofis kamar na biya. Ofishin da ya riga ya zauna a kan Gmail da Docs kuwa ba shi da dalilin ƙaura saboda wannan kaɗai, tunda Google ma ya saka nasa mataimakin, Gemini, cikin tsare-tsaren manhajojinsa na ofis, wato Workspace, na kasuwanci a watan Janairun 2025.

Da aka tambaye mu ra'ayi a ƙarshen gwajin, na ba da shawarar a sabunta lasisin ga mutum uku: ni, da mataimakiyar shugaba da ke kula da jadawalinsa, da jami'in da ke haɗa rahoton masu tallafi. Sauran, waɗanda yawancin aikinsu a fili yake kuma ba sa buɗe Outlook sai sau biyu a mako, na ce a bar su da Copilot Chat, kuɗin lasisinsu kuma a sayo makirufo mai kyau a saka a ɗakin taro.