Sharhi a kan garkuwar alminiyum ta Kyaftin Amurka da na haɗa kuma na yi wa fenti da hannuna

Kayan sun iso a cikin kwali mai faɗi, kuma abin da na tarar a ciki shi ne farantin alminiyum mai doro wanda faɗinsa ya kai inci 24, wato kimanin santimita 61, da tauraro mai tsini biyar da aka yanko daban, da ƙarafa biyu na baya waɗanda ake ɗaura madauri a jikinsu, da madaurin fata, da 'yan kusoshi, sai takardar bayani mai shafi biyu. Mai sayarwa ya rubuta a tallarsa cewa kwana biyu sun isa a gama aikin. Ni dai mako uku ya ɗauke ni, kuma na jira har garkuwar ta yi wata huɗu a rataye kafin na zauna rubuta wannan sharhi, domin fenti a kan ƙarfe ba ya nuna gaskiyarsa a ranar da aka fesa shi.

Siffar garkuwar sananniya ce ga duk mai bibiyar labaran zane na Amurka. Joe Simon da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro jarumin, fitowar farko ta mujallarsa tana ɗauke da kwanan watan Maris na 1941, kuma a wannan fitowa garkuwarsa mai kusurwa uku ce. Sai a fitowa ta biyu ta koma da'ira kamar yadda aka san ta yau. Tsarin launinta daga baki zuwa ciki shi ne zobe ja, zobe fari, wani zobe ja, sannan da'ira shuɗiya a tsakiya da tauraro a kanta. Wanda ya ga wannan tsari zai ɗauka aikin ba shi da wuya, tunda launi biyu ne kawai za a fesa, ja da shuɗi, a bar zoben fari da launin ƙarfensa, amma da'ira ba ta ɓoye kuskure, kuma layin da ya karkace da faɗin gashi ɗaya ido yana kama shi daga nesa.

Zan fara da abin da ya kamata a yaba, wato farantin kansa. An ƙera shi ne ta hanyar ɗora shimfiɗaɗɗen alminiyum a kan inji mai juyawa ana danna shi a jikin wani samfuri har ya ɗauki doron da ake so, saboda haka babu walda ko haɗi ko ɗaya a jikinsa. Kaurinsa milimita 2 ne, kuma an yanka siraran kwarmi guda uku a fuskarsa waɗanda suka raba zobban. Na auna tazarar kowane kwarmi daga tsakiya a wurare takwas, ban sami bambancin da ya wuce rabin milimita ba. Zaɓen alminiyum ma daidai ne: nauyinsa giram 2.7 ne a kowane dunƙule mai tsawo da faɗi da kauri na santimita ɗaya-ɗaya, na baƙin ƙarfe kuwa ya kusa giram 7.9, don haka farantin da bai kai kilo biyu ba da zai haura kilo huɗu da rabi in da baƙin ƙarfe aka yi shi. Duk wanda ya taɓa riƙe abu a damtsensa na awa guda ya san darajar wannan bambanci. Abin da kawai na ga bai dace ba a wannan mataki shi ne bakin farantin, wanda aka bari da kaifi har ya yanke ni a tafin hannu tun kafin in fara aiki, sai da na bi shi da zarto mai laushi da samfefa.

Kyawun irin wannan garkuwa yana cikin ƙarfen da ke ƙarƙashin fenti, kuma a nan ne takardar bayanin ta yi babban kuskure. Ta ce a fara da fesa fentin shimfiɗa mai launin toka, sannan a ɗora ja da shuɗi. Wanda ya bi wannan shawara zai sami garkuwa mai launi daidai, amma ba za a iya bambance ta da ta roba ba, domin fentin shimfiɗar ya rufe ƙarfen gaba ɗaya, kuma kuɗin da aka kashe a kan alminiyum ya tafi a banza. Abin da ake nema shi ne fenti mai bayyana abin da ke ƙarƙashinsa, irin wanda haske ke ratsawa ya bugi ƙarfe ya dawo, ta yadda ja zai fito da zurfi kamar ana kallonsa ta cikin gilashi. Kafin a kai ga wannan fenti kuwa, dole ne a gyara fuskar ƙarfen ta ɗauki siraran layukan guga masu zagaye tsakiya, waɗanda su ne ke sa haske ya riƙa yawo a kan garkuwar idan an karkata ta.

Wannan guga ita ce ta ci mini kwanaki huɗu, kuma ita ce aikin da na fi jin daɗinsa. Na huda ƙaramin rami a tsakiyar farantin, inda tauraro zai rufe daga baya, na soka kusa mai noti na ɗaure shi a kan katako, sannan na samo siririn katako mai tsawon santimita 40 na huda kansa ɗaya na sa a jikin kusar, ya zama kamar hannun agogo. A ƙarƙashin wannan katako na manna soson guga na Scotch-Brite, da farko ja, daga baya mai launin toka wanda ya fi shi laushi. Sai in riƙa zagayawa da shi a hankali, hannu ɗaya yana dannawa, ɗaya yana ja, kullum ta ɓangare guda. Wasu suna ɗaura farantin a bakin injin huda su juya shi, kuma hakan ya fi sauri, amma faranti mai wannan girma da kaifin baki idan ya kuɓuce yana juyawa ba ƙaramin haɗari ba ne, shi ya sa na zaɓi hannu. A rana ta uku na ɗaga shi kusa da taga, na ga haske ya tsaya a kansa kamar tsinke biyu masu fita daga tsakiya, ina karkata shi suna bin hannuna. Tun ba a fesa komai ba ya riga ya yi kama da abin da na saya dominsa. Guga ɗaya da aka yi a karkace, ko da da gefen soso ne, tana fitowa ƙarara a ƙarƙashin fenti, saboda haka duk inda hannuna ya goce sai na sake bin zoben gaba ɗaya.

Bayan guga sai wanki, kuma takardar bayanin ba ta ce uffan a kansa ba. Alminiyum yana yin wata siririyar fata da zarar iska ta taɓa shi, kuma fenti ba ya kama ta da kyau. Ga kuma baƙar ƙurar guga da ke maƙalewa a cikin layukan, ga maiƙon yatsu. Na goge farantin da asiton, wato sinadarin da ke narkar da maiƙo da fenti, da farin tsumma har sau biyar kafin tsumman ya daina yin baƙi, kuma daga nan ban sake taɓa shi ba sai da safar hannu. A madadin fentin toka, na fesa siririn shafi na sinadarin da ke sa fenti ya kama, wanda ba shi da launi ko kaɗan.

Rufe wuraren da ba a son fenti ya taɓa aiki ne na haƙuri. Tef ɗin takarda na yau da kullum ba ya bin lanƙwasa, yana tattarewa, fenti ya bi ta ƙarƙashinsa. Siririn tef na roba mai faɗin milimita 3 shi ne ya yi mini aiki, domin yana miƙewa ya bi da'ira, kuma kwarmin da maƙerin ya yanka ya zama jagora: ina kwantar da tef ɗin a bakinsa ina dannawa da farce, sannan in rufe sauran filin da tef mai faɗi da takarda. A nan ma na ƙara gode wa daidaiton kwarmin, don da ya karkace da babu yadda zan yi.

Feshin ja na farko ya lalace, kuma laifina ne. Fenti mai bayyana ƙarfe yana ƙara duhu da kowane shafi, saboda haka duk inda feshi ya hau kan feshi fiye da sauran wurare, nan zai fi duhu. Na yi ta fesawa daga hagu zuwa dama kamar mai fentin ƙofa, na kuma matso kusa da yawa, sai zoben waje ya fito da ratsi-ratsi, wani wuri jawur, wani wuri kamar ruwan hoda, ga kuma wani ɗigo da ya gangaro ya daskare kusa da baki. Irin wannan fenti ba a gyara shi da samfefa, domin wurin da aka goge zai yi haske ya bambanta da kewayensa. Na cire tef, na wanke komai da asiton, na sake guga, na sake rufewa, kwana biyu suka tafi. A karo na biyu na ɗora farantin a kan faifai mai juyawa, na tsayar da gwangwanin a nisan kimanin santimita 25, ƙanena yana juya faifan a hankali ni kuma ina fesawa ba tare da motsa hannu sosai ba. Shafi huɗu marasa kauri na yi, da hutun minti goma tsakanin kowane biyu, kuma na ƙidaya zagayen kowane shafi domin zobban ja guda biyu su tashi da duhu ɗaya. Shafin farko yakan fito kamar ba a yi komai ba, kuma a daidai wannan lokaci ne zuciya ke raya wa mutum ya ƙara dannawa. Wanda ya biye mata zai koma ga asiton kamar yadda na koma. Shuɗin tsakiya bai ba ni wahala ba, shafi uku suka wadatar. Na cire tef ɗin tun fentin bai gama ƙeƙashewa ba, ina jansa baya a kwance, domin idan ya bushe sarai yakan ɓantaro bakin layi.

Shafin kariya na ƙarshe marar launi shi ne ke tsare duk wannan wahala. Na yi amfani da irin mai haɗi biyu, wanda ake fasa sinadarin taurarawa a cikin gwangwanin kafin a fesa, kuma da zarar an fasa sai a yi amfani da shi cikin kwana biyu ko ya daskare. Ya fi na gama-gari tauri nesa ba kusa ba, amma yana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai cutar da huhu, kuma takunkumin ƙyalle ko na takarda ba ya tare shi. Ana bukatar takunkumi mai matatar tururin sinadarai, da tabarau, da safar hannu, da wuri mai iska sosai nesa da yara. Ya dame ni ƙwarai cewa takardar bayanin ta ambaci wannan fenti ba tare da kalma ɗaya ta gargaɗi ba, alhali da yawa daga masu sayen irin waɗannan kaya matasa ne da ba su taɓa riƙe gwangwanin feshi ba. Wani abin lura kuma shi ne, idan shafin farko ya yi kauri yana iya narkar da jan da ke ƙasa ya malalo da shi kan zoben fari. Na bar launukan suka sha iska kwana uku, na fara da shafi biyu kamar hazo, sannan na yi na uku mai jiƙa wanda ya kawo sheƙi.

Tauraron da ƙarafan baya su ne raunin wannan kaya. Tauraron an yanka shi da kyau, tsinayensa biyar suna kan digiri 72 daga juna, amma a shimfiɗe ya zo, farantin kuwa mai doro ne, don haka da na ɗora shi sai tsinayen suka tashi sama har ana iya zura kati a ƙarƙashinsu. Sai da na kwantar da shi a kan tsumma mai kauri na riƙa lanƙwasa kowane tsini da tafin hannu kaɗan-kaɗan har ya zauna. Wannan aiki ne da maƙerin zai iya yi cikin minti biyu da injinsa, kuma bai kamata a bar wa mai saye ba. Ƙarafan baya kuwa an ce a manna su da tef mai gam fuska biyu da ya zo a cikin kwalin. Na gwada, kuma a rana ta biyu ɗaya ya saki yayin da garkuwar ke hannuna. Allah ya sa a kan katifa ta faɗo. Na kankare ragowar gam ɗin, na goge wuraren haɗin da samfefa mai lamba 80 har suka yi kaushi, na wanke da asiton, nan take na shafa gam mai haɗi biyu na ƙarfe, na danne da nauyi na awa 24. Tun daga lokacin ko motsi ba su yi ba. Madaurin fatar kuwa mai kyau ne, mai kauri, ɗinkinsa a tsare, sai dai na ƙara huda biyu domin ya kama damtsena.

Bayan wata huɗu launin bai dusashe ba, bakin layukan bai ɗago ba, kuma tabo ɗaya kawai gare ta, a gefen zoben waje inda ta bugi ƙofa, wanda ya tsaya a shafin kariya bai kai ga ja ba. Ya kamata a sani cewa kayan ado ce. Alminiyum mai wannan kauri yana lotsawa idan ya faɗi a kan siminti, kuma jifa da ita zai ɓata ta ya kuma ji wa wani rauni. Ina ba da shawarar wannan faranti ga wanda yake da wurin feshi mai iska, da takunkumin da ya dace, da makonni biyu ko uku da zai iya bayarwa, da sharaɗin ya ajiye takardar bayanin gefe a batun fenti da batun gam. Wanda yake son abin da zai rataya a bango gobe, gara ya sayi wadda aka riga aka gama. Da zan sake yin wata, zan nemi ƙaramin guntun alminiyum tun farko in goge shi in gwada yawan shafin ja a kansa, kuma zan manna ƙarafan baya kafin in fesa komai, domin kifa garkuwar da aka gama yi wa fenti a kan fuskarta na tsawon awa 24 shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a duk aikin.