Wane Ƙagaggen Labarin Tarihi Ya Kamata Ka Saya wa Yaronka?

Wani dare 'yata mai shekara tara ta kife littafin da take karantawa a kan cinyarta, ta ɗago kai ta ce, "Baba, wai wannan yarinyar ta taɓa rayuwa da gaske?" Labarin wata yarinya ne da aka ɗauke daga Landan aka kai ta ƙauye a farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Na karɓi littafin na buɗe shafukan ƙarshe, sai ga bayanin marubuciyar: yarinyar ƙirƙirar ta aka yi, amma jiragen ƙasan da suka kwashe yara tun ranar 1 ga Satumba 1939 gaskiya ne, haka takardar suna da ake maƙala wa kowane yaro a riga, da ɗan akwatin kwali mai ɗauke da takunkumin kariya daga iskar guba. Cikin 'yan kwanaki aka fitar da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi daga biranen Birtaniya, mafi yawansu yara. Muka karanta bayanin tare, ta karɓi abinta ta ci gaba.

Tun daga ranar, duk littafin irin wannan da na ɗauka, ta baya nake fara buɗe shi. In babu shafin da marubuci ya ware abin da ya faru daga abin da ya ƙaga, da wuya in saya, komai kyan bangonsa. Babba yana iya tace labari da kansa. Yaro kuwa abin da ya gani a takarda shi ke nan, ya zauna masa.

Amma littattafan ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri da yaron da ya dace da shi.

Akwai waɗanda suke ɗaukar sanannen mutum su gina labari a kansa: Mansa Musa a hanyarsa ta aikin hajji a 1324, ko Ruby Bridges, yarinya 'yar shekara shida da jami'an tsaro suka riƙa raka ta makaranta a New Orleans a 1960 saboda masu adawa da haɗa baƙaƙe da farare a aji ɗaya. Ga ƙananan yara, 'yan shekara biyar zuwa bakwai, wannan ya yi, musamman in littafin mai manyan hotuna ne da kake karanta musu da bakinka. Suna samun suna guda da za su riƙe. Inda nake ɗari-ɗari da shi shi ne, dole marubuci ya sa wa mutumin magana a baki, ya faɗi abin da ke cikin zuciyarsa, alhali ba wanda ya ji. Idan littafin ya yi tsawo, ƙagen yakan rinjayi gaskiyar, yaro ya taso yana rantsuwa da maganar da ba a taɓa yi ba.

Wanda na fi so, kuma nake ba da shawararsa ga 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu, shi ne wanda aka ƙirƙiri yaro aka jefa shi tsakiyar abin da ya faru da gaske. Ɗan bawa a Pompeii, wani tsohon gari a ƙasar Italiya ta yau, ranar da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya. Yarinya a ɓangaren talakawa na jirgin Titanic a daren da ya nutse a Afrilun 1912. Ɗalibi a Soweto ta Afirka ta Kudu ranar 16 ga Yuni 1976, ranar da 'yan sanda suka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta. A nan ba a yi wa kowa ƙarya ba, tunda yaron na marubuci ne, yana da damar sa shi kuka ko ƙarya ko gudu, tarihin kuma yana nan yadda yake. Kuma yaro ba ya ganin yaƙi ko bala'i daga sama kamar yadda littafin makaranta ke nuna shi. Daga ƙasa yake gani: takalmin da ya ɓace a cikin turmutsitsi, ƙanwar da aka ce ya riƙe hannunta kada ya saki. Ta nan abin ke shiga jikin mai karatu.

Sai dai a wannan rukunin ne aka fi yin algus. Sau da yawa za ka tarar yaron yau ne aka sa wa rigar mutanen da. Yana tunani irin namu, yana ƙyamar duk abin da muke ƙyama, shi kaɗai ne mai hankali a garin, kowa ban da shi jahili. Irin wannan littafin ba ya koya wa yaro komai sai raina magabata. Buɗe tsakiya ka karanta shafi biyu. Shin jarumin yana tsoron abin da mutanen zamaninsa ke tsoro? Ya yarda da wani abu da mu yanzu muka san kuskure ne? Yana aiki, ko kuwa yawo kawai yake yana yi wa manya wa'azi? Ka kuma sa ido kan ƙananan abubuwa. In ka ga 'yan asalin nahiyar Amurka a kan dawaki a labarin shekarun 1300, marubucin bai yi bincike ba, domin Turawan Sifaniya ne suka kai musu dawaki bayan 1492. Wanda ya yi sake da wannan, me zai hana ya yi sake da abin da ya fi shi girma?

Akwai kuma masu zuwa a siffar dayari ko wasiƙu. Gajerun shafuka ne, kowanne da kwanan wata a sama, don haka suna taimakon yaron da dogon babi ke gundurarsa. Haɗarinsu ɗaya ne: wasu ana tsara su har da hoto da rubutu kamar na hannu, yaro ya ɗauka ainihin takardun wani ne aka tsinto. Ka faɗa masa tun farko.

Labaran da yaran zamaninmu ke faɗawa cikin wani zamani ta wata ƙofa ko na'ura kuwa, ƙugiya ce ta kamo wanda bai damu da tarihi ba. Suna da daɗi, ba su da zurfi. Ɗaya ko biyu sun isa.

Masu zane-zane, inda hoto ke ɗauke da rabin labarin, mutane na raina su, ni kam ban raina su ba. Sutura, jirgin ruwa, fasalin titi, duk yaro zai gani da idonsa ba sai an yi ta kwatance ba. Abin lura kawai, tashin hankalin da aka zana ya fi wanda aka rubuta tsayawa a rai.

Wannan ya kawo ni kan kuskuren da na taɓa yi, wanda har yau yake damuna. Na saya wa ɗan ƙanena littafi saboda na ga yaro da kare a bango, ban duba ciki ba. Ashe labarin sansanin gwale-gwale ne na 'yan Nazi, an rubuta shi don matasa. Shekararsa takwas. Mahaifiyarsa ta ce min sati guda bai yarda an kashe fitila ba. Ba cewa nake a ɓoye wa yara bauta da yaƙi da yunwa ba, ai don su san waɗannan ake rubuta littattafan. Amma komai da lokacinsa. Duba shekarun da aka rubuta a bayan littafin, duba shekarun jarumin, wanda galibi yakan girmi mai karatun da aka nufa da shekara ɗaya ko biyu, sannan ka karanta babin ƙarshe a tsaye kafin ka biya. Minti biyar ne.

Tambarin lambar yabo a bango yana taimakawa, amma ka san iyakarsa. Lambar Newbery ta Amurka, wadda aka fara bayarwa a 1922, da Carnegie ta Birtaniya, ta littattafan yara ce gaba ɗaya, ba ta tarihi kaɗai ba. Ta Scott O'Dell ita ce aka keɓe wa ƙagaggen labarin tarihi na yara, sai dai labaran da suka faru a nahiyoyin Amurka take dubawa. Mai neman labarin Timbuktu ko Bagadaza ko Sin, sai ya bi ta wata hanyar.

Ga matasa 'yan goma sha uku zuwa sama, tambayar da nake yi ita ce: ta bakin wa aka ba da labarin? Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta raba miliyoyin mutane da gidajensu, kuma iyalin da suka gudu gabas da waɗanda suka gudu yamma kowanne da nasa ciwon. In hali ya yi, saya masa biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, ka bar shi ya yi ta juya su a ransa.

Jerin littattafai masu lamba ɗaya zuwa ashirin kuwa, kada kwaɗayin kwalin ya ja ka. Ɗauki na farko kawai ka ajiye inda zai gani. 'Yata da ta gama nata, taswira ta nema, ta sa yatsa a kan Landan tana bin layin dogo tana neman inda jirgin ya sauke yarinyar. Washegari na koma na sayo na biyun.