Ajin koyon rubutu a WhatsApp: abin da na gani daga Tawa

Mu da muka yi lakkwal, wato makarantar boko, a Nijar, da Faransanci aka koya mana riƙe alƙalami. Hausa muna jinta tun a goye, amma rubuta ta sai wanda ya dage da kansa. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, na kuma yi murna ƙwarai, sai dai ni a nan Tawa ban samu inda zan zauna a koya mini ƙaga labari ba. Shi ya sa na biya kuɗi na shiga wani aji da wasu marubutan Kano ke gudanarwa a WhatsApp.

Kuɗin ba su da yawa, biyansu ne aiki. Asusun naira suka bayar, sai da na danƙa sefa a hannun wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, shi ya tura. Da ƙungiyar ta samu wakili ko da a Maraɗi ne, da ƴan Nijar sun fi haka shiga.

Darasi bayan isha'i ake yi, da saƙon murya, kuma wannan tsari ya yi mini daidai, domin ko intanet ta yanke kana sauke shi da safe. A fannin ƙa'idojin rubutu kuwa sun ci kuɗinsu halal. Inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, a rubuta "yana" a haɗe, "shi ne" a rabe, kula da baƙaƙe masu lanƙwasa, yadda ake sa maganar tauraro cikin baka biyu, duk sun bi su dalla-dalla da misalai. Bayanin jigo da zubi da tsari ma ya gamsar da ni. Wanda ya taso da rubutun Faransanci, yana sa "ou" a wurin "u", zai ƙaru sosai.

Inda ajin ya gaza shi ne wurin duba aiki. Mun yi yawa, malaman kaɗan ne. Ka kwana kana rubuta jinga, amsar da za ta dawo ba ta wuce "Masha Allah, a ci gaba da ƙoƙari" ba. Idan an yi gyara kuma, sau da yawa karin harshenmu ake gyarawa. Duk inda Adaranci, karin Hausar yankinmu na Adar, ya leƙo a bakin tauraro sai a ja masa layi, har harafin ƴ da tsarin rubutun Nijar ya amince da shi aka ce mini kuskure ne. Wannan ya ɓata mini rai. Ga shi yawancin ɗalibai gasar Hikayata ta BBC Hausa suke hange, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, sai darussan suka karkata ga yadda za a burge alƙalai, labaran ajin suka riƙa kama da juna.

Jagorar da nake nema ba cikin malaman na same ta ba. Mu ƴan Nijar da ke ajin, daga Maraɗi da Dogon Dutsi da Yamai, muka buɗe ƙaramin zaure namu don taya juna karanta jinga. Wata daga cikinmu ta shigo da gwaggonta, tsohuwar malama ƴar Damagaram da ke zaune a Yamai. Ta yi koyarwa a makarantun gwaji masu karantarwa da harshen gida, irin waɗanda aka soma a Damagaram a 1973, saboda haka ta san rubutun Hausar Nijar tun kafin a haifi yawancinmu.

Na aika mata labarina kan matar ɗan ci-rani, abin da kowane gida a Adar ya sani: miji yana Abijan ko Libiya, mata tana riƙe da yara da surukai. Ba ta yaba ba, ba ta kushe ba, tambayoyi ta jero mini. Wa ke karɓo kuɗin idan mijin ya aiko, ita ko ƙanensa? Da rumbu ya ƙare kafin kaka, me ta ɗora a murhu? Wayar da take jin muryarsa da ita, ta wa ce? Na ce, "Inna, ai mai karatu zai gane tana shan wahala." Ta ce, "Ɗiyata, kin faɗa mini tana shan wahala, ba ki kai ni gidanta ba. Ki kai ni." Ta sa na cire shafin wa'azin da na rufe labarin da shi. A kan karin harshe kuma ta raba mini gardama: bayanin marubuciya ya tafi da daidaitacciyar Hausa don na Kano da na Kumasi su bi, amma tsohuwar Adar idan ta buɗe baki a bar ta ta yi maganarta.

Haka muke har yau. Tana karantawa a hankali, wani lokaci sai an yi mako ban ji daga gare ta ba, amma babu layin da take tsallakewa, kuma ba ta taɓa karɓar ko dala ba.

Wanda bai iya ƙa'idojin rubutu ba, ina ba shi shawara ya shiga irin wannan aji, zai ga amfaninsa. Amma kafin ya biya ya tambayi adadin ɗalibai, ya tambayi wa ke duba jinga, ya kuma nemi sanin ko akwai malamin da ya san Hausar wannan ɓangaren iyaka. An buɗe rajistar mataki na biyu, ban shiga ba. Kuɗin na sayi intanet da su, don babi na uku yana hannun Inna kuma gyaranta da murya yake zuwa.