Biyan talla ko gyaran shafi: wanne ya fi wa tela a Garwa?

Maƙwabcina mai ɗinkin manyan riguna ya tambaye ni: ya biya Google kuɗin talla ne, ko ya gyara shafinsa na intanet har ya hau sama da kansa a sakamakon binciken Google?

Tallar Google Ads akwai sauri. Ka biya yau, gobe sunanka na sama. Sai dai duk wanda ya latsa, za a cire maka sefa, ko ya saya ko bai saya ba. Ranar da kuɗin suka ƙare, ka sauka.

Gyaran shafi kuwa noma ne, sai an yi watanni kafin a girbe. Na ce masa ya rage nauyin hotunan rigunan, don mutanenmu da waya suke nema, ga tsadar data. Ya rubuta sunayen kayan yadda ake buga su a nan wajen bincike, da Faransanci da Hausa, ya sa "Garoua" a take. Ya buɗe Google Business Profile, wato bayanan shago da ke fitowa a Google, kyauta ne, da adireshi da lokacin buɗe shago.

Wannan na fi so masa. Tallar ya ajiye ta sai gab da Sallah, lokacin rububin ɗinki.