Fantasy Premier League: Classic da Draft, wanne ya cancanci lokacinka?

Fantasy Premier League, wanda masu buga shi ke kira FPL, wasa ne na hukumar gasar Firimiyar Ingila ita da kanta. Tun kakar 2002/03 ake yin sa, kyauta ne, kuma a 'yan shekarun nan masu rajista kan haura miliyan 10 a kaka ɗaya. Ana shiga ta shafin intanet ko ta manhajar Premier League a waya. Manyan tsare-tsarensa biyu ne: Classic da kowa ya sani, da Draft da aka ƙaro a 2017. Duka biyun an gina su da kyau, amma wasa ne na lissafi da haƙuri, ba ya tausaya wa mai zaɓe da son kulob.

A Classic, fam miliyan 100 za a ba ka, kuɗin wasa ba na gaske ba, ka sayi mutum 15: gola biyu, 'yan baya biyar, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku. Ba ka ɗaukar fiye da uku daga kulob ɗaya. Kowane mako ka fitar da 11, dole da gola ɗaya, aƙalla 'yan baya uku da ɗan gaba ɗaya. Wanda ya buga minti 60 zuwa sama a wasan gaske na kulob ɗinsa yana da maki 2, ƙasa da haka maki 1. Ƙwallon da ɗan baya ya ci maki 6 ce, ta ɗan tsakiya 5, ta ɗan gaba 4. Wanda ya ba da ƙwallon aka ci yana da 3. Idan ba a zura wa kulob ƙwallo ba, gola da ɗan bayan da suka cika minti 60 kowannensu ya sami 4, ɗan tsakiya 1. Katin gargaɗi ragin 1 ne, jan kati 3, ɓarar da fenareti ko cin gida 2.

Wannan jadawalin shi ne jigon wasan, kuma a nan sababbin shiga ke faɗuwa. Duba matsayin da aka rubuta wa ɗan wasa a manhajar, ba inda ya saba tsayawa a fili ba. A kakar 2024/25, Mohamed Salah ɗan tsakiya ne a FPL, don haka kowace ƙwallonsa ta fi ta Erling Haaland da maki ɗaya, ga kuma ladan rashin zura wa kulob ɗinsa. A 2024/25 Salah ya tara maki 344, ya karya tarihin 303 da shi kansa ya kafa a 2017/18. Irin wannan garaɓasar ta taɓa faɗowa a 2019/20, lokacin da aka rubuta John Lundstram na Sheffield United a ɗan baya mai fam miliyan 4 alhali a tsakiya yake bugawa. Cole Palmer ma a fam miliyan 5 ya fara kakar 2023/24, ya koma Chelsea, ya ƙare da maki 244, sama da kowa.

Wajen kashe kuɗin, kada ka zuba dukiya a benci. Gola na biyu da ɗan baya ɗaya masu miliyan 4, da ɗan tsakiya da ɗan gaba masu 4.5, sun kama miliyan 17, ka ga saura 83 na waɗanda za su riƙa fita fili. Sai dai a tabbata aƙalla biyu daga cikin na bencin suna samun wasa a kulob ɗinsu, domin idan wani a cikin 11 bai taka fili ba, manhajar za ta sako na benci bisa jerin da ka tsara. Wanda kocinsa ya sako ya yi minti biyu kacal kuwa ya toshe wannan ƙofar, sai ka tashi da maki 1. Shi ya sa ɗan wasa matsakaici mai minti 90 kowane mako ya fi gwanin da koci ke yawan hutarwa.

Kyaftin makinsa ninki biyu ne, mataimakinsa kuma ba ya gadonsa sai idan kyaftin bai buga ko minti ɗaya ba. Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na makon. Makon da aka fara da daren Juma'a, mutane da yawa sai su farga ƙofa a rufe.

Canjin 'yan wasa kyauta ɗaya ne a mako, kuma tun 2024/25 ana iya tara su har biyar. Duk wanda ya wuce na kyauta ragin maki 4 ne. Gaggawa aikin shaiɗan: wanda ya ci biyu jiya ba dalilin biyan maki 4 ba ne, sai an duba wasanninsa huɗu ko biyar masu zuwa, da ko shi ke buga fenareti. Farashi na hawa ko sauka da 0.1 cikin dare gwargwadon yadda ake saye da sayarwa, amma rabin riba kawai ake ba ka, a kuma datse ta ƙasa. Ka sayi mutum a 7.0 ya kai 7.3, a 7.1 za ka sayar. Ba a bayyana ainihin lissafin hawan farashin ba, wannan kuma aibi ne a wasan da komai nasa lamba ce. Haka ma'aunin wahalar wasa na 1 zuwa 5 da manhajar ke nunawa da launi, yana jinkirin gane kulob ɗin da ya farfaɗo ko ya durƙushe.

Akwai makamai huɗu na musamman. Wildcard na ba ka damar sauya tawaga gaba ɗaya ba ragi, Free Hit sauyin mako ɗaya ne sannan tsohuwar tawaga ta dawo, Bench Boost na ƙirga makin benci, Triple Captain na ninka kyaftin sau uku. A 2025/26 an ba da kowanne sau biyu, kashin farko ya ƙone idan ba a taɓa shi ba zuwa mako na 19. Sun fi riba a makon da wani kulob ke wasa biyu saboda kwantan da kofin FA ko Carabao ya jawo. A kakar ce kuma aka fara ba da maki 2 na aikin tsaro: ɗan bayan da ya haɗa 10 tsakanin share ƙwallo, tare bugu, katse fasin da ƙwace ƙwallo, ko ɗan tsakiya da ɗan gaba da suka haɗa 12, su har da dawo da ƙwallo hannun kulob ɗinsu ake ƙirga musu. Gyara ne mai kyau, don ya ba masu aikin wahala daraja.

Babbar matsalar Classic ita ce, kafin a yi nisa rabin tawagarka irin ta kowa ce. A nan Draft ya yi fice. Babu kasafin kuɗi, babu kyaftin, kuma ɗan wasa ɗaya mutum ɗaya ne zai mallake shi a rukunin da kuke karawa. Ana zaɓe bi da bi, zagaye 15, kowane zagaye jerin ya juya. A rukunin mutum takwas, na farko zai ɗauki zaɓi na 1, sai ya jira na 16 da 17, na ƙarshe kuwa ya haɗa na 8 da na 9 a jere.

Yi lissafin ƙaranci kafin ranar. Mutum takwas na buƙatar 'yan gaba 24, alhali kulob 20 ne, yawancinsu kuma ɗan gaba ɗaya suke sawa. Don haka a zagaye uku na farko a nemi ɗan gaba tabbatacce da 'yan tsakiya masu cin ƙwallo. Gola 16 ake buƙata cikin 20 masu kamawa, ana iya barinsu sai can ƙarshe. Cika jerin waɗanda kake so tun da wuri, domin akwai agogo a kan kowane zaɓi, idan ya ƙare ko intanet ta yanke, daga jerin nan manhajar za ta zaɓar maka, in babu kuma ta bi nata jerin, ta iya ɗauko maka mai jinya.

Bayan zaɓe, sauran aikin a layin neman 'yan wasan da ba wanda ya mallake su yake. Ana warware buƙatu awa 24 kafin rufe mako, na ƙasan teburi shi ke gaba a layi, wanda kuma ya samu ya koma baya. Saboda haka a jera buƙatu uku ko huɗu, ba ɗaya ba. Abin da ya rage bayan nan, wanda ya riga shi ya samu. Raunin Draft ɗaya ne: mutum biyu suka yi watsi da tawagarsu, manyan 'yan wasa sun maƙale a hannunsu har ƙarshen kaka.

Mai koyo ya fara da Classic, kaka ɗaya ta isa ya san maki da lokutan rufewa. Abokai shida zuwa takwas da ba sa fashin mako kuwa, Draft na karawar mutum da mutum, mai maki 3 ga wanda ya yi nasara da 1 a kunnen doki, shi ya fi dacewa da su.