Sharhi: Abin da ƙamus ɗin Hornby ya fi iyawa

Ni malamin Turanci ne a makarantar sakandare, kuma cikin littattafan da ke kan teburina babu wanda ya sha hannu kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary, wato ƙamus ɗin Hornby. Bugu na 10 ne a wurina, wanda ya fito a 2020. Kafin shi na daɗe da wani tsoho da na gada a wurin yayana, har bangonsa ya rabu da shi. Iyayen yara kan tambaye ni ko ya cancanci kuɗinsa, tunda yanzu kowace waya tana ba da ma'anar kalma kyauta. Amsata ita ce, in dai ma'ana kawai ake nema, a riƙe kuɗin a yi wani abin da su. Amfanin littafin nan yana wurin da yawancin masu shi ba sa kai ido.

A buɗe kowane aikatau a ciki, za a ga wasu guntayen layuka da rubutu mai kauri kafin misalai. Ƙarƙashin "suggest" akwai "suggest something to somebody", akwai "suggest doing something", akwai "suggest that". Wannan ita ce ƙirar kalmar, wato abin da take yarda ya biyo bayanta. Duk wanda ya taɓa zama da tarin insha'in 'yan aji shida ya san a nan ɓarnar take. Yaro ya san ma'anar "enjoy" sarai, amma zai rubuta "I enjoy to read", alhali Bature "I enjoy reading" zai ce. Ita kuwa "want" akasin haka take, "want to read" take so. In ka tambayi dalili ba za ka sami wanda zai gamsar da yaro ba. Haka kalmomin suka saba zama, sai dai a gani, a maimaita, har kunne ya riƙe.

Don wannan aka yi ƙamus ɗin tun asali. A. S. Hornby Baturen Ingila ne da ya je koyar da Turanci a Japan cikin shekarun 1920, ya kuma yi aiki da Harold Palmer a wata cibiyar bincike kan koyar da Turanci a Tokyo. Matsalar ɗalibansa irin ta namu ce: sun tara kalmomi, amma haɗa jimla ya gagara. Shi da E. V. Gatenby da H. Wakefield suka tsara ƙamus da ya fito a Tokyo a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sannan maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga shi a 1948. Hornby ya kasa aikatau na Turanci gida 25 gwargwadon abin da ke bin kowanne. Tsofaffin malamai za su tuna da lambobi irin su VP6A a gefen kalma, sai mutum ya koma jadawali ya nemo abin da ake nufi, shi ya sa da yawa suke tsallake su. Yanzu an rubuta ƙirar dalla-dalla, kuma a ganina wannan shi ne gyara mafi amfani da aka yi wa littafin. Sai dai a bugun takarda an taƙaita "somebody" zuwa sb, "something" zuwa sth. Malami ya bayyana wannan tun ranar farko, domin na ga yaran da suka kwafe su haka cikin insha'i.

Inda ya fi yi mini rana shi ne wurin da Hausa take bin yaro har cikin Turancinsa. Mu cewa muke "mun tattauna a kan batun", to sai hannu ya rubuta "we discussed about the matter", alhali "discuss" ba ta ɗaukar "about". Muna cewa "bayyana mini", sai ta koma "explain me" a maimakon "explain to me". A kan waɗannan biyun ƙamus ɗin ya ajiye ɗan gargaɗi a ƙarƙashin kalmar, ya nuna jimlar da ba ta yiwuwa. Ga kuma aro: a wurinmu mai bayarwa ya ara maka, kai kuma ka ara, tushen ɗaya ne, shi ya sa "borrow me your pen" ta zama ruwan dare a kowane aji. Layukan masu kauri suna raba gardamar nan take: "borrow something from somebody", "lend something to somebody". Haka "congratulate somebody on something", da "reply to somebody".

Wasu kuma ba daga Hausa suka zo ba, daga ofisoshinmu suka zo. "Request for" da "demand for" daidai ne idan suna ne, amma idan aikatau ne "for" ɗin ba ta da wuri: "he requested a transfer". Wasiƙar neman aiki nawa ce take ƙarewa da "I look forward to hear from you"? Ƙirar ita ce "look forward to doing something", saboda haka "hearing" ya kamata. Akwai ma aikatau masu ƙira biyu da ma'ana biyu. Wanda ya ce "I stopped smoking" ya daina shan taba, wanda ya ce "I stopped to smoke" tsayawa ya yi don ya sha. A ɓangaren sunaye kuma, akwai alamar da ke nuna kalmar ba ta jam'i, wadda da ana dubawa da ba a ga "advices" da "equipments" da "furnitures" a allunan shaguna ba.

Yadda nake sa ɗalibai su yi amfani da shi ba wuya. Duk sabon aikatau da muka ci karo da shi, kada a rubuta shi tsirara a littafin rubutu. A rubuta shi da ƙirarsa, sannan kowa ya gina jimlarsa ta kansa a kai, game da gidansu ko unguwarsu. Yara kan yi ƙorafi cewa aikin ya yi yawa. Amma bambancin yana bayyana a takardunsu kafin zango ya ƙare.

Yana da iyakarsa. Ƙamus ba ya kiran mutum, sai wanda ya yi shakka yake buɗe shi, kuma wanda ya girma yana jin "discuss about" a rediyo da bakin manya ba shi da dalilin shakka. Don haka ba zai maye gurbin malami ko yawan karatu ba. Bayanin duka da Turanci ne. An yi ƙoƙarin tsayawa kan kalmomi masu sauƙi kimanin 3000, duk da haka ɗan ƙaramar sakandare da bai yi ƙwari ba zai sha wuya shi kaɗai. Sannan ma'auninsa Turancin Ingila da Amurka ne. Gaskiya ne a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford, wanda daban yake da wannan, ya karɓi kalmomi 29 daga Turancin Najeriya, har da okada da Kannywood. Amma kalmomi aka karɓa, ƙirar jimla tana nan yadda take, kuma mai duba takardar WAEC ko NECO da ita yake aiki. Ni ba na gyara wa kowa magana a kasuwa ko a majalisa. Takardar jarrabawa da wasiƙar neman aiki ne ba na sassauci a kansu.

Batun wanne za a saya: littafin yana da nauyi kuma rubutunsa ƙanana ne, amma ba ya neman caji ko data, kuma shi ya fi dacewa da makarantar kwana inda aka hana waya. Shafin ƙamus ɗin na intanet kyauta ne, yana da ƙirar a rubuce ba taƙaitawa, ga furuci iri biyu, na Ingila da na Amurka, ana danna wa a saurara. Manhajar waya kuwa ta kuɗi ce. Ma'aikaci ko ɗalibin jami'a mai data shafin ya ishe shi.

Wanda zai sayi littafin ya kiyayi na jabu da ake shimfiɗawa a bakin titi da araha. Takardarsa shara-shara ce, tawada ta dusashe, har rubutu mai kauri da marar kauri sun zama ɗaya. Kafin ka biya, buɗe "suggest" ko "explain" ka duba. In layukan ƙirar ba su fito baƙi ƙirin sun bambanta da misalai ba, ajiye shi ka nemi wani.