MwSt da USt, BLZ da sort code: wanne ne wanne?

Salam jama'a. Ɗan'uwanmu da ya ce an kawo masa takardun banki na Jamusanci zai mayar Turanci, yana tambaya wai MwSt da USt abu ɗaya ne, sannan BLZ ita ce sort code? To malam ga amsa.

MwSt da USt duk VAT za ka rubuta, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya. USt wato Umsatzsteuer shi ne sunan da doka ta sani, shi za ka gani a takardun haraji da na akanta, ita kuma MwSt wato Mehrwertsteuer ita ce a bakin mutane da jikin rasit na kanti. Haraji ɗaya ne, kashi 19, yawancin kayan abinci da littattafai kashi 7.

Ta biyun, wato BLZ (Bankleitzahl, lambar banki ta Jamus) da sort code, ita ce ke son natsuwa. Aikinsu ɗaya ne, nuna banki, amma BLZ lambobi 8 ce, sort code ta Ingila kuwa 6, to in ka sa sort code mutumin Landan ya ga lamba 8 zai ɗauka kai ne ka yi kuskuren kwafa, gara ka sa bank code ka huta. Yanzu ma BLZ a cikin IBAN take, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa, DE alamar Jamus sai lambobi 2 sai BLZ ɗin sai lambar asusu 10, 22 kenan.

Haka GmbH da Ltd da ake sawa a ƙarshen sunan kamfani, sun yi kama amma dokar da ta kafa su daban, don Allah kar ka taɓa sunan kamfani, bar shi yadda aka yi masa rajista. S da H kusa da kuɗi Soll da Haben ne, S kuɗi sun fita wato debit, H sun shigo wato credit. GuV profit and loss ce wato lissafin riba da asara, AfA depreciation wato raguwar darajar kadara.

Amma ni abin da ya fi damuna lambobin ne wallahi. Bajamushe in ya rubuta 1.250,50 Yuro dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin da rabi yake nufi, a Turanci dole ka juya ya koma 1,250.50. Mrd. kuma billion ce, in ka ga Bio. ko Billion a Jamusanci to trillion ake nufi, ninki dubu ne tsakaninsu, kuma sunanka ne a ƙasan fassarar.